Karen Gareji da Idon Baba

Aikinta a cibiyar binciken halayyar dabbobi bai wuce kofuna biyu da ɗan abinci ba. Takan ɓoye abincin a ƙarƙashin kofi ɗaya, ta nuna shi da yatsa. Birai, duk wayonsu, sai su kalli yatsan su kau da kai, su buɗe wanda suka ga dama. Kare kuwa, ko kwikwiyo ne, fuskarta yake fara dubawa, sannan ya nufi inda ta nuna. Takan gaya wa ɗalibanta cewa doguwar zama a gindin ɗan Adam ce ta koya wa kare karanta ido.

Babanta, tsohon bakanike, bai taɓa ɗaukar aikin da zafi ba. "Uwar birai," yake ce mata a waya, "yau 'ya'yan naki sun ci jarrabawa?" Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi.

Muryar nan take nema tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da maganarsa. Ta ɗauki hutu ta zo gida, ta tarar da shi a kujera ƙarƙashin rumfa, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. A gefensa akwai Sifana, jan karen garejinsa, wanda ya biyo motar asibiti har gida ya ƙi komawa.

"Baba, ruwa za ku sha? Ko in kunna muku rediyo?"

Bai dube ta ba. Idonsa na kan ƙofar gida. Sifana ya ɗaga kai ya dubi tsohon, ya miƙe ya je ya tsaya a bakin ƙofar, ya waiwayo yana kaɗa wutsiya.

"Kullum haka suke yi," in ji Mama daga kicin. "Na rufe ƙofar, na buɗe ta, duk ɗaya."

Ta zauna ta ci gaba da kallonsu kamar yadda take kallon dabbobinta. Karen bai yi haushi ba, ba baƙo yake ji ba. Tsayuwar mai jiran tafiya ce. Ta kira yayanta, wanda garejin ya koma hannunsa.

"Yaya, kawo mota. Baba fita yake so."

"Shi ya gaya miki?"

"Kai dai ka zo."

Da ƙyar suka sa shi a gidan gaba. Sifana ya haye baya ba tare da an ce masa ba. Suna shan kwanar layin garejin, tsohon ya fara jan numfashi da ƙarfi, yana shaƙar warin baƙin mai. Suka ajiye masa kujera kusa da ramin duba mota. Wani direba ya tayar da tsohuwar motarsa, injin yana wata ƙara mai kama da tari. Baba ya haɗe gira, ya ɗaga hannun hagu ya nuna murfin injin. Leɓensa ya yi ta rawa.

Ta durƙusa a gabansa. "Ina jinku, Baba. Ku faɗa."

Wani sauti ya fito, guntu, mai kauri, ba kalma ba. Amma muryarsa ce, ita ɗin dai. Ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta.

"Fulogin injin yake nufi," in ji Yaya, yana goge hannu da tsumma. "Ni ma shi nake zargi."

Suka zauna har rana ta yi sanyi. Bai ƙara yunƙurin magana ba, ita kuma ba ta daina jira ba. Da hutunta ya ƙare, ta roƙi Yaya ya riƙa kai shi garejin kowace safiya, kuma in ya sake yin sautin nan, ya kira ta ya kara masa wayar a baki.