Agogon da Maigidana Ya Zana

Ranar da aka gaya mana, takalmi wari da wari na saka, ban lura ba sai da na zauna a bencin asibiti. Sati biyu kafin nan likitoci sun riƙe maigidana awa uku suna yi masa tambayoyi, ranar muka koma jin sakamako.

Shekara talatin da huɗu yana gyaran agogo a ɗan shagonsa na bakin titi. Sai ya fara ba mutum agogon wani. Wata rana ya kasa gane layinmu, mai wanki ne ya rako shi gida.

A bakin ƙofar likita yayansa ya ja ni gefe. "Duk abin da za a faɗa, a faɗa mana mu biyu. Shi a ce masa gajiya ce."

Na ce, "To, Yaya." Ni ma ba na so in ji, balle shi.

Likitar ba ta kai 'yarmu ta fari shekaru ba. Yaya ya yi ta ƙyafta mata ido, ita kuwa ta juya kujerarta ta fuskanci maigidana.

"Baba, kai ka yi gwajin nan. Kana so ka ji abin da na gani, ko in gaya wa iyalinka?"

Ya ce, "'Yata, in na buɗe agogo na ga ɓarna, mai shi nake gaya wa, ba maƙwabcinsa ba."

Ta ajiye takarda a gabansa. Zanen agogo ne. Lambobin sun cunkushe gefe ɗaya kamar tumaki a inuwa, babu takwas, hannu ɗaya ya fita waje. Ya daɗe yana kallo.

"Wane ɗan koyo ne ya yi wannan?"

Sai idonsa ya kai ƙasa, ya ga sa hannunsa.

Ta bar shi ya numfasa, sannan ta ce cutar mantuwa ce, mai cin ƙwaƙwalwa a hankali. Ba tsufa ba ne kawai, ba kuma laifin kowa ba ne. Ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu. Ta ce hannunsa na nan da kyau, tsohon abu ma yana riƙe da shi, sabo ne ke zubewa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, gyaɗa kai kawai nake yi. Ta gane. "Mama, maimaita min abin da kika ji." Na kasa. Ta sake daga farko, ba ta ɓata rai ba.

Nan na fito da abin da nake tsoro. "Zai manta ni?"

"Zai iya manta sunanki, ba zan ɓoye miki ba. In ranar ta zo, kada ki ce masa 'ka gane ni?' Tambayar tsorata shi za ta yi. Ke ki faɗa masa ko ke wace ce tun daga ƙofa."

Maigidana ya yi dariya, idonsa jawur. "Ƙararrawa zan manta? Wadda ake jin muryarta daga bakin titi?" Haka yake kirana tun ina amarya.

Shekara uku ina kwana ina tashi da fargabar ranar. Da safe ranar ta zo. Na kai masa ruwan wanke fuska, ya dube ni sama da ƙasa cikin ladabi.

"Baiwar Allah, agogo kika kawo?"

Tambayar nan har ta hau harshena, na haɗiye ta. Na fita da kwanon, na kai tsakar gida, na juyo na tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ce, Ƙararrawa, matarka."

Ban san ko ya gane ba, har yau ban sani ba. Amma ya matsa ya ba ni wuri a bakin gado, ya ce, "To, rage murya."

Bara Allah ya ɗauke shi. Ba kowa a ɗakin yanzu sai akwatin kayan aikinsa. Kullum da safe nakan je buɗe taga, kuma ba na iya tsallake ƙofar sai na tsaya na faɗa, ni ce.