Rimot a Hannun Baba

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, Auta ta ajiye aikinta na ɗakin magani ta dawo gidansa, a hawa na biyu na wani dogon bene. Ita ke juya shi a gado, ita ke ba shi abinci a baki. Idan yana son ta, sai ya buga cokali a jikin kofin ƙarfe, kuma yana yawan son ta.

Lokaci ɗaya ne take da shi na kanta. Duk ranar da za su asibiti wajen gashin ƙashi, sai ta sauka ta tada tsohuwar motar Baba, ta kunna esi don zafi kada ya galabaita shi. Tana zama a kujerar direba, gilashi a rufe, har injin ya daidaita. Ba ta kunna rediyo, ba ta duba waya. Zama kawai take yi, ba mai kiran ta.

Wata safiya Yaya, babban wansu, ya biyo a hanyarsa ta ofis. Ya tarar da Baba a ƙasa gefen gado, ya zame yana neman sandarsa, Auta kuwa tana cikin mota. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Akwai rimot da ake sa wa mota, daga ɗaki za ki tada ta. Kin huta da hawa da sauka."

Ta ce, "To, Yaya."

Mai wayarin mota da Yaya ya turo ya zo ranar Talata da jakar kayan aiki da ɗan kwali. Dattijo ne mai yawan hira. Ya cire kan batir, ya kwance robar ƙasan sitiyari, ya kwanta rigingine ƙafafunsa a waje. Wayoyi suka zubo kamar hanjin kaza. Maƙwabciya ta karɓi zaman Baba, Auta ta tsuguna tana haska wa mai wayarin fitilar waya.

"Ɗan ƙara kusa, Hajiya. Wannan ja ita ke kawo wuta. Wannan ta birki ce. Ko ɓarawo ya shiga motar tana aiki, yana taka birki ba makulli za ta mutu."

Ya feƙe waya, ya haɗa, ya naɗe da baƙin tef. Ya ɗaure wani ɗan akwati a bayan dashbod, ya jawo siririyar eriya ya manna a saman gilashi.

"Yakan lalace?" Auta ta tambaya.

"Aikina? Sai dai motar ta riga shi mutuwa."

"Idan mutum ya so a cire fa?"

Ya leƙo da kansa ya dube ta. "Ana cirewa. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗanɗana daɗi ya ce a mayar da shi wahala ba."

Ta yi ɗan murmushi don kada ya ji kunya. Hannunta ya gaji da riƙon fitilar, amma ba ta so aikin ya ƙare. Daga tagar sama ta jiyo cokali yana bugun kofi, ko da yake maƙwabciya na zaune kusa da shi.

Da ya mayar da robar ya haɗa batir, sai ya ce ta hau ta gwada daga ɗaki. Ta hau. Ta tura Baba a kekensa na marasa lafiya zuwa taga don ya ga abin da ya hana ta amsa kiransa. Ta danna. Fitilun motar suka ƙifta, injin ya yi tari ya kama, ba kowa a ciki.

Baba ya yi dariya. Da rabin baki ya yi ta, yawu na zubo masa, amma dariya ce, irin wadda ba ta ji ba tun kafin ya kwanta. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa manyan motoci, yau wata da watanni ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa. Ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Ba... ni."

Ta sa masa rimot a tafin hannu. Ya danna, motar ta mutu. Ya sake dannawa, ta tashi. Mai wayarin ya ɗago kai daga ƙasa yana ɗaga masa babban yatsa. Baba ya damƙe rimot ɗin a ƙirji, ya ƙi sakewa har lokacin wanka.

Daga ranar aikin tada mota ya zama nasa. Tun kafin ta gama sa masa takalmi yake nuna taga. Likitan gashi ma ya ce yatsunsa sun ƙara ƙarfi. Auta takan tsaya a bayan keken, hannunta a kan mariƙi, tana kallon motar a ƙasa tana sanyaya kujerun da ba kowa a kansu. Wa za ta gaya wa cewa abin da ya faranta ran mahaifinta ya ƙuntata nata?

Da Yaya ya kira ya ji yadda rimot ke aiki, ta ce lafiya lau. Har zai kashe, ta ce, "Yaya, ranar Asabar ka zo ka zauna da Baba. Ina da inda za ni."

"Ina?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya ce zai duba.

Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo: taro ya taso a ofis, ta yi haƙuri, sati mai zuwa in Allah ya yarda. Ta riga ta sa mayafi, jakarta na kafaɗa. Ta cire mayafin ta ninke, ta ɗauko abin yankan farce, ta jawo kujera kusa da gado.

"Kawo hannun, Baba," ta ce. "Sun yi tsawo."