Hasashen Baba Mai Fili

"Mayar da shi baya," in ji Baba Mai Fili. "A'a, ba inda ya ci ƙwallon ba. Kafin nan, inda ya juya."

Hannuna ɗaya riƙe da auduga, ɗayan da almakashi, ƙafarsa kuma tana kan cinyata bisa tawul. Na ce, "Baba, hannu biyu gare ni. Ko dai ƙafa, ko waya."

"To bar ƙafar, ai ba inda za ta."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum in na taso aiki da la'asar nakan biya in wanke masa gyambon da ciwon suga ya buɗe masa a ƙafar dama. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da ciyawar babban filin wasa na gari. Shi ke ba ta ruwa, shi ke aske ta, shi ke jan farin layi ranar wasa. Da ya ajiye aiki sunan ya biyo shi gida, har jikokinsa ba su san wani suna ba bayan wannan.

Saura wata guda a fara gasar cin kofin ƙasashe, unguwa ba ta da wani zance. Maigidana, wanda direban motar haya ne, wuni yake da rediyo a kunne, ya dawo mana da lissafin wanda ya fi wa. Ni ƙwallo bai taɓa damuna ba. Abin da ya ja ni shi ne Baba bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma in aka ci ƙwallo ko kallo ba ya yi. Ƙasashen ma da launin rigunansu yake kiransu. Sai ya sa in nemo masa hotunan filayen da za a yi gasar, in buɗa su da yatsa har ciyawa ta cika fuskar wayar, ya kawo ta daf da tabaronsa, ya yi ta gyaɗa kai.

"Masu shuɗiyar riga sun shiga uku," ya ce wata rana. "Sun saba da gajeriyar ciyawa mai jiƙa, ƙwallo yana sulɓi yana zuwa musu da kansa. Wannan ciyawar mai kauri ce, kuma kafin a tafi hutu rana ta busar da ita. Ƙwallon zai riƙa mutu musu a hanya. Wasa uku, su tattara."

"Masu rawaya fa?"

"Waɗannan ko a kan tsakuwa aka sa su za su buga. Sai dai mai tsaron gidansu ba ya son faɗuwa ta hagu."

"Yaranmu fa, Baba?"

Ya yi dariya har ƙafar ta motsa, na riƙe ta. "Yaranmu suna da ƙafa, numfashi ne babu. In an kai minti saba'in ki dubi hannuwansu, duk sun koma ƙugu kamar masu jiran mota."

Na tambaye shi ina ya koyi duk wannan, shi da bai taɓa buga ƙwallo ba. Ya ce kowa in ya shiga fili ƙwallo yake bi da ido, shi kuwa ƙafafu yake bi, don ya san inda za a ɓata masa ciyawa. Ya ce sawun mai lafiya daban, na mai ciwo daban. Akwai ɗan wasan da ya taɓa gane yana da ciwon gwiwa mako biyu kafin likitan ƙungiya ya sani, daga yadda diddigensa yake huda ƙasa kawai.

Ina jin daɗin hirar nan, shi ya sa wani abu yake cina har yau. Gyambon ba ya warkewa, kuma na sani. Ƙaramin yatsan ya fara baƙi, wari yana fitowa tun kafin in gama kwance bandeji. Likita ya riga ya ce a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Baba ya ce, "Bayan gasa." Ɗiyarsa Auta, malamar firamare ce, ita ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kira yayyenta a waya sun yi nasu faɗan. Ni ma na faɗa masa sau biyu, ya ce, "'Yata, ke wanki aka sa ki, ba hukunci ba." Daga nan na riƙa wanki muna hirar ciyawa.

Wata ranar Lahadi maigidana ya biyo ni. Ya zauna a bakin ƙofa kan kujerar roba, ya ce yau sai Baba ya yarda masu jar riga, waɗanda ke riƙe da kofin, su za su sake ɗauka.

"Baba, mai lamba taransu fa ƙwallo biyu ya ci a wasan gwaji shekaranjiya. Duk masu sharhi sun ba su."

"Masu sharhi a ɗaki suke. Nuna min."

Maigidana ya miƙa wayarsa. Baba ya kalla sau ɗaya, ya sa aka mayar, ya kuma sa aka mayar.

"Yaron nan yana ɓoye ciwo."

"Haba Baba! Mutumin da ya ci biyu?"

"Dubi in zai tsaya. Da wace ƙafa yake taka burki? Kullum dama. Hagun ajiye ta yake kamar ƙwai. Ya san in ya faɗa ba za a tafi da shi ba, shi ya sa ya yi shiru." Ya cire tabarau, ransa ya ɓaci kamar ɗansa ne. "Ba kansa kaɗai ya cuta ba. Mutum goma za su dogara da ƙafar da babu. Ranar da suka fi bukatarsa, ranar zai zauna musu a ƙasa."

Auta tana tsaye a ƙofar ɗaki da kofin ruwa da ƙwayoyin maganinsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ka ji abin da ka ce kuwa?"

Maigidana ya karɓi wayarsa ya hau duba abin da ba ya nema. Ni na sunkuyar da kai ina naɗa bandeji. Baba ya dubi ƙafarsa kamar yadda yake duban hotunan filayen nan, ya daɗe.

"Ba ni maganin," ya ce.

Washegari da sassafe Auta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ta ce Baba ya sa wankakkiyar riga, yana tambaya ko maigidana zai kai shi asibiti kafin ya fita aiki.

An yi aikin ranar Laraba. Amma cutar ta riga ta shiga jini, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ba a asibitinmu yake ba, sai na taso nake hawa mota in je. Ranar Juma'a na same shi idonsa biyu, bargo ya lotsa a wajen da ƙafar take a da. Ya rame, leɓensa ya bushe. Na jiƙa auduga na shafa masa.

"Kin zo da wayar?"

"Na zo da ita. Amma Baba, ni tambaya nake da ita. Ka faɗa min waɗanda za su faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ka taɓa faɗa min wanda zai ɗauki kofin ba."

"Ai ban ga filin wasan ƙarshe ba. Kin ce ba su gama shimfiɗa ciyawar ba."

"In sun gama fa?"

"In sun gama ki kawo." Ya lumshe ido, na ɗauka barci ne. Sai ya ce, "Sabuwar ciyawa ba ta da amana. Saiwarta ba ta kama ba, mai nauyi in ya juya sai ta tashi da shi. Ki nemi ƙasar da 'yan wasanta ba su da jiki."

Na ce zan nema. Na kuwa nema, a mota ina komawa gida, ina duba hotunan mutanen da ban san sunansu ba, ina auna cinyoyinsu da ido.

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, Auta na riƙe da hannunsa. Saura kwana tara a fara gasa. Cikin masu zuwa gaisuwa akwai waɗansu dattawa biyu masu ɗingishi da ba wanda ya sani a unguwa. Suka ce a filinsa suka yi ƙuruciyarsu, kuma ba su taɓa gurɗewa a kai ba.

Ranar buɗe gasa falonmu ya cika da maƙwabta. Auta ma ta shigo, ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Masu jar riga ne ke karawa da masu masaukin baƙi. Mai lamba tara yana ciki, yana gudu, maigidana yana waiwayowa yana kallona, ni kuma ban iya gane ko yana ɗingishi ko ba ya yi ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci maza suka miƙe, wasu waje, wasu neman ruwa. Mu biyu muka rage a gaban talabijin. Kyamara ta tsaya daga nesa, filin babu kowa. Sai ga wani mutum da hular rana ya shigo daga gefe, riƙe da wani ɗan ƙarfe mai yatsu. Ya yi tafiya a hankali har wajen tutar kusurwar fili, ya durƙusa, ya ɗauki wani guntun ciyawa da ya tashi, ya mayar da shi mazauninsa. Ya miƙe, ya danna shi da diddige sau biyu, ya matsa gaba.