Yatsun Safiya

Rijiyar rugar su Safiya, can bayan Sule Tankarkar, zurfinta gaba ashirin da biyu ne. Shekara talatin da 'yan kai tana jan guga a cikinta, safe da yamma, ruwan gida da na maruƙa. Igiya ta cinye mata hannu har ya koma kamar ƙirgi. Ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da yanar ido ta rufe mata idon hagu, ta fara cin na dama.

A Gumel likita ya haska mata fitila, ya ce aiki ne ƙarami, amma kada a bari ya wuce damina. Ya ce akwai shirin da ake yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi kyauta, in dai mutum ya yi rajista an ba shi kati. Saura kwana goma sha huɗu a rufe.

Ita da mijinta Hamma suka bi layi a ofishin rajistar. A gabansu akwai wata Hajiya Ummukulsum, tsohuwar ma'aikaciya mai fara'a, har ta matsa wa Safiya wuri a benci.

"Ni ɗana ne ya ce in yi in ajiye," in ji ta. "Nawa idon tun bara aka yi min a Kano. Kada ki ji tsoro, ko zafi babu."

Hajiya ta ɗora yatsu a kan gilashin na'ura, fitila ta yi kore, ta tashi. Aka kira Safiya.

"Inna, ɗora huɗun nan," in ji Asama'u, mai yin rajistar. Fitila ta yi ja. "Danna sosai." Ja. Ta sa ta hura yatsun, ta sa ta goga su a goshi, ta gwada ɗaya hannun. Daga ƙarshe ta juya tafin tana dubawa. "Inna, zanen yatsunki ya goge."

"To ai ga ni a gabanki, 'yar nan. Ga hannun, ga mai hannun."

"Ni na gan ki, Inna. Ita ce ba ta gan ki ba."

"Ashe ita ma yanar gare ta," in ji Hamma. "A fara yi mata aikin mana."

Mutanen layi suka yi dariya. Asama'u ba ta yi ba. Ta ce Safiya ta hutar da hannun, ba igiya, ba taɓarya, ba wanki, ta riƙa shafa mai, ta dawo ranar ƙarshe, wataƙila zanen ya ɗan fito.

Faɗar hakan ba wuya a ofis. 'Ya'yansu maza sun yi kudu da shanu, matan suna gidajen aurensu. Hamma, da furfurarsa, ya ɗauki guga ya shiga cikin mata a bakin rijiya.

"Baffa, yau kuma kai ne amaryar?" in ji Nana Firdausi maƙwabciyarsu.

"Amarya tana ɗaki an sa ta a lalle. Ni baranta ne."

Safiya ta zauna a inuwa, hannuwa a cinya, suna ƙyallin man shanu. Ta ji fatar tana laushi. Kullum sai ta kai yatsa kusa da idon dama tana neman zanen, ba ta iya gani.

A rana ta tara ciwon baya ya riƙe Hamma, ko ruku'u ya kasa. Nana Firdausi ta kawo musu tulu biyu, amma ita ma tana da nata bakunan. Maruƙa bakwai suka tsaya a turke suna kuka tun hantsi. Safiya ta daure har azahar. Sannan ta yagi tsohon zane, ta naɗe hannuwanta, ta ce a ranta guga huɗu kawai.

Da can igiya ba ta iya mata komai. Yanzu da fatar ta yi laushi, a guga na uku ta zame ta tafi da tsumman, ta sale mata kan yatsu.

Ranar ƙarshe suka koma Gumel. Asama'u ta kalli ɓawon ciwon, ta goge gilashin da gefen mayafinta. Suka gwada sau goma sha ɗaya. Na'urar ta karɓi ƙaramin yatsan hagu shi kaɗai, ita kuwa huɗu take so. Asama'u ta buga wa na gaba da ita waya. Aka ce akwai hanyar da ake bi wa irin wannan, amma sai takarda ta je Dutse ta dawo, wata guda ke nan, rajista kuwa ƙarfe huɗu za a rufe.

"Yaushe za a sake buɗewa, 'yar nan?"

"Ba a faɗa mana ba, Inna. Wallahi da na sani da na gaya miki."

Safiya ta yi mata godiya, ta sa mata albarka. A bakin ƙofa hasken rana ya dake ta, matakala da ƙasa suka haɗe suka zama fari ɗaya. Ta tsaya tana laluben gefen da ƙafa. Hamma, a duƙe saboda bayansa, ya juyo da sandarsa ya miƙa mata ƙarshenta. Ta daɗe ba ta karɓa ba. Da na bayanta suka ce a ba su hanya, sai ta kama.