Baba a Ƙofar Makaranta

Tun da Baba ya ajiye keken ɗinki, aikinsa ɗaya ne, ɗauko 'yata Auta daga makaranta. Ya riƙe aikin nan kamar sarauta aka naɗa shi, har takalmi yake gogewa kafin ya fita.

Sai ranar da ya kamo hannun wata yarinya daban. Sun kusa bakin titi kafin malamarsu ta cim masa. Ni dai ban ga laifinsa ba. Yara ne birjik, riga iri ɗaya, jaka iri ɗaya, kowa na gudu. Amma maigidana ya ce a nemi mai mota kawai. Na roƙa a ɗan ba Baba lokaci, don na san idan aka karɓe masa wannan aikin, zaman ƙofar gida ne zai ƙarasa shi.

Bayan an kwana biyu na saci jiki daga ofis na je makarantar, na laɓe bayan wata mota. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarke da gudu. Nan take na hango Auta. Baba kuwa, mai balan-balan ya gifta, idonsa ya bi shi. Kare ya yi haushi, Baba ya waiga.

Can sai na ga ya ƙyale taron, ya kafa ido a famfon da ke jikin katanga. Ba a jima ba Auta ta tsaya shan ruwa a wurin. Ya taka a hankali ya dafa kanta.

Na fito daga maɓoyata. "Baba, kun yi da ita za ku riƙa haɗuwa a famfo ne?"

"Wa? Wannan uwargidan tawa da ba ta jin magana?" Ya yi dariya. "Ni kaina sai kwanan nan na lura can nake kallo. Idon tsoho akuya ne, duk ganyen da ya gani sai ya tsaya. Amma in kullum hanya ɗaya ake bi da akuya, da kanta take komawa gida."

Auta ta ce, "Kullum sai ya daɗe, Mama."

Ya ce, "To ki nemi wani mijin mai sauri."

Ta ƙanƙame hannunsa. "A'a, ni zan jira ka."

Daɗi ya kama ni. Na bar su suka yi gaba, shi da jakarta a kafaɗa. Da yamma na gaya wa maigidana a bar zancen mota, Auta tana da mai ɗauko ta.