Sifikoki Masu Jan Ɗigo

Mai aski ya dire ɗan akwatin sifikar a kan bencin aiki, ya jona shi da wayarsa, ya ƙure murya.

"Ka ji ko, Baba Kafinta? Kamar ƙuda a cikin kwalba."

Kafinta ya juyo da kunnensa na dama ya kara a jikin katakon. Gangar waƙar yana jin ta har cikin haƙoransa, muryar mawaƙin ma yana ji. Ƙudan ne dai bai ji ba. Injin yanka katako ya daɗe da cinye masa kunnen hagu, na daman ma ya gutsure masa duk wani siririn sauti. Amma ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya ce a bar masa zai duba. Akwatunan da aka dawo masa da su a bana, shi kansa ya daina ƙirgawa don kunya.

Sana'ar ta mutum biyu ce, ko da yake shagon nasa ne. Shi ke ƙera akwati. Abokinsa Mai Rediyo, wanda suka taso tare tun suna samari, shi ke zaɓo sifikar da za ta zauna a ciki. Ita ake fara zaɓa, sannan a auna mata akwati, yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. In sun je kasuwa Mai Rediyo kan ɗauki sifika ya taɓa mata batir, ya ƙyasta takardar da ke fuskarta da farce, ya karkata kai ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Wadda ya ware wa Kafinta sai ya ɗiga mata jan fenti a bayan maganaɗisu. Daga baya Kafinta ya daina wahalar bin sa, ana kawo masa su har shago. In ya ga jan ɗigo ba ya tambaya, sai ya ɗauko zarto.

Da aka fara dawo da kaya, Mai Rediyo ya saurara, ya ƙwanƙwasa katakon, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce sifika lafiyarta lau, haɗin akwatin ne ke kakkarwa. "Hannu ne, mutumina. Girma ya zo mana." Wannan magana ta zauna wa Kafinta a ƙirji. Ya ɓalle akwatuna ya sake manne su, ya ƙara kusoshi, ya cusa auduga, duk a banza. Ya koma yawan kallon hannuwansa, har matarsa ta tambaye shi ko duba ya fara koyo. Bai yi dariya ba. Mutumin da kunnensa ya tafi, in hannunsa ma ya bi, me ya rage masa?

Mai Rediyo ne ya kawo mafita. Ya ce babban ɗansa ya fara haɗa sifikoki a akwatunan roba, kasuwa ta buɗe masa, wurin zama kawai ya rasa. Me zai hana Kafinta ya bar masa shagon ya je ya huta da mutuncinsa? Kafinta ya amince, har da godiya. A yammacin yau aka shirya zai miƙa makulli.

Amma bai so ya rufe da akwatin mai aski a lalace ba. Ya hau bas zuwa kasuwa don sayen gam, yana tsaye an matse shi, hannunsa ɗaya a aljihu yana murza makullin. Da ya gama sai ya ce bari ya leƙa wurin Dogo, dillalin da suke sayen sifikoki a hannunsa, ya yi masa sallama.

Dogo ya yi murnar ganin sa, ya ce ai sun ɗauka ya yi kuɗi ya manta da su. Ya share masa kujera a tsakanin kwalaye, ya nuna wani kwali a lungu, ƙura ta hau kansa.

"Ga naka can, na tara maka. Jiya ma mutuminka ya ƙara ɗiga wa wasu."

Kafinta ya ce, masu kyau kuma ake yasarwa a lungu haka? Dogo ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Ya ce ai masu gogawa ne, waɗanda suka bugu a hanya. Mai Rediyo ya ce a riƙa ajiye wa Kafinta su, wai shi ya san dabarar akwatin da ke haɗiye ƙararsu. Lafiyayyun kuwa ɗan Mai Rediyo ke kwashewa.

"Matso ta nan," in ji Kafinta, ya juyo da kunnen dama. "Sake faɗa."

Dogo ya sake faɗa, a hankali, dariyar tana barin fuskarsa. Sai ya jawo ɗaya daga cikin kwalin ya ɗora a cinyarsa. Ya buɗe yatsunsa ya dafa takardar ta kowane gefe, ya danna a hankali ya saki. Ya ce wannan ba aikin kunne ba ne, kowa na iya yi. A ciki akwai naɗin waya da ke kai da komo a wani ɗan siririn rami. In ya karkace yana gogar gefe, yatsa zai gaya maka.

Kafinta ya ɗora yatsunsa ya danna. Nan take ya ji shi, wani ɗan ƙaiƙayi kamar yashi a ƙarƙashin takarda. Ya ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka. Dogo ya miƙo masa wata daga kan kanta, marar ɗigo. Ta nutsa ta taso sumul, babu ko gardama.

Sai ya tuna. Sau nawa ya ga Mai Rediyo yana yin wannan dannawar, da sauri, kafin ya shiga karkata kai da lumshe ido? Shi ya ɗauka ƙura yake sharewa. Ashe duk shekarun nan abin yana bakin yatsunsa, abokinsa bai taɓa nuna masa ba. Cin amanar ya yi masa ciwo, amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ya zauna yana zargin hannuwansa, su da ba su taɓa yi masa ƙarya ba.

Ya zaɓi guda biyu da kansa, ya danna, ya sake dannawa. Dogo ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi ta rantsuwa cewa ya zaci da saninsa ake yi. Kafinta ya ce ya san ba laifinsa ba ne, ya sa kayansa a jaka ya fito.

Rana ta yi sanyi lokacin da Mai Rediyo ya iso shagon, cikin wankakkun kaya, yana fara'a. Ya zauna a wurinsa na kullum, ƙarshen benci, dama da Kafinta. Tun da kunnen hagun ya mutu nan ne mazauninsa, don Kafinta ba ya son ko kalma ɗaya ta abokinsa ta wuce shi. Ya ce yaron na nan tafe da mota, ya ce Allah ya sa hutun ya karɓe shi.

Kafinta ya juya kan aikinsa. Ya kwance kusoshin akwatin mai aski, ya zaro sifikar, ya juya ta jan ɗigon ya kalli sama, ya sake kifa ta. Sannan ya kamo hannun abokinsa, ya buɗe masa yatsu, ya ɗora a kan takardar, ya danna da nasa hannun a sama.

"Ka ji ƙudan?"

Mai Rediyo ya so ya janye hannun, amma hannun da ya ce ya tsufa bai sake shi ba. Sai da Kafinta ya ga dama ya saki.

Daga nan magana ta ɓalle wa Mai Rediyo. Ya ce yaron sabon shiga ne, in aka dawo masa da kaya sau ɗaya ya mutu a kasuwa. Ya ce shi Kafinta ya riga ya yi suna, mutane za su yi masa uzuri. Ya ce da farko guda ɗaya ce kawai, bai yi niyyar abin ya kai haka ba.

"Kai ma uba ne, mutumina. Ka saurare ni."

Kafinta ya miƙe. Ya ciro makullin daga aljihu ya rataye shi a ƙusarsa ta bango. Ya ɗauko sabuwar sifikar da abin awo da fensir, ya zagaya, ya zauna a ɗaya gefen abokinsa, ya bar masa kunnen hagu. Ya ɗora abin awo a bakin takardar, ya ja layin farko a kan katako.

Ta gefen ido yana ganin bakin Mai Rediyo yana ta motsi.