Hannun Tela da Ƙa'idar Aro

Tela ya ɗora hannunsa na dama a kan kantar asibiti, yatsun a lanƙwashe tun faɗuwar da ya yi a babur. Likita ya ce in aka daina gasa hannun yanzu, haka zai sandare, shi da almakashi sai dai kallo.

Anti ce ke kula da bayanan kamfanonin inshora a manhajar asibitin. Ta shigar da lambarsa, allo ya yi ja: wai zaman gashin da inshorarsa ta yarda da shi a bana ya ƙare.

"Baba, sai baɗi ke nan," in ji abokin aikinta, wanda kowa ke kira Sarkin Sauri. Bai ko ɗago kai ba.

Tela bai yi musu ba, ya ce to, ya koma benci. Wannan "to" ɗin ce ta tsaya wa Anti a rai.

Ta buɗe shafin kamfanin. Sabon kamfani ne, amma ƙa'idodinsa sak na wani tsohon kamfani da ta sani kamar tafin hannunta, har da kuskuren rubutun da ke layi na biyu. Abin da aka saba a ofishin ke nan: in sabon kamfani ya zo, maimakon a zauna a karanta yarjejeniyarsa, sai a kwafi shafin wani a sauya suna, a tafi shan shayi.

"Kai ka buɗe wannan shafin?" ta tambayi Sarkin Sauri.

"Ai duk kanwar ja ce, Anti."

Ta ɗauki waya ta kira kamfanin. Suka sa mata kiɗan jira, irin wanda ke sa mutum ya tsani kiɗa gaba ɗaya. Aka tura ta wajen wannan, wannan ya tura ta wajen wancan, layi ya yanke. Ta sake kira. Shayinta ya huce, mutane suka fara tsaki a layi, ita dai ta kafe.

Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka. "Iyakar zama? Mu ba mu da ita a kan gashi. Muddin likita ya rubuta, a ci gaba."

"Turo min a rubuce yanzu, ina riƙe da layin."

Saƙon na shigowa ta goge ƙa'idar aron, ta sake shigar da lambar. Allo ya yi kore. Ta ɗago da murna, benci wayam.

Ta fita da gudu-gudu, takalmi na neman kayar da ita. A bakin titi ta same shi yana jiran mota.

"Baba, taso mu koma. Kuskuren daga wajenmu ne, ba abin da ya ƙare."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya laluba aljihu da hannun hagu, ya miƙo mata wayarsa.

"'Yata, danna min lambar ƙanina, ita ce ta ƙarshe da na kira. Ki yi sauri. Ki ce masa kada ya sayar da keken ɗinkin."